Jamila da Minti Uku: Tarihin Wasan Bidiyo na Ultraman na 1991

Gabatarwa

Sunan Jamila ba baƙo ba ne a gidajenmu. Daga Kano zuwa Maraɗi, daga Damagaram zuwa unguwannin N'Djamena, da wuya a zaga dangi ba a sami mai amsa shi ba. Saboda haka duk Bahaushen da ya kunna tsohon wasan bidiyon nan mai suna Ultraman, wanda kamfanin Bandai ya fitar a Japan a 1991, zai yi turus idan ya kai mataki na uku. Abokin karawarsa a wannan mataki wani dodo ne marar wuya, kansa a nutse cikin kafaɗu, jikinsa duk tsage-tsage kamar ƙasar fadama da rani, sunansa kuma Jamila. Abin mamaki na biyu shi ne, idan aka ci galaba a kansa, wasan ba ya murna. Sai ya nuna wa mai wasa allon tunawa da mamaci.

Wannan maƙala za ta bi diddigin wasan tun daga shirin talabijin da ya haife shi, domin a ga yadda ake ɗauko labari daga wata kafa a zuba shi a wata. Matsalar da masu wasan suka fuskanta tsohuwa ce, kuma ɗaliban adabi sun san ta: mai sauya wa labari mazubi, shin amanar labarin zai riƙe, ko kuwa daɗin masu sauraro zai bi? Masu wannan wasa sun zaɓi amana, kuma zaɓin ya jawo musu riba a gida da asara a waje.

Asalin Shirin

Japanawa suna da wani nau'in fim da suke kira tokusatsu, wato fim ɗin da aka gina a kan dabarun ɗaukar hoto na musamman. Ana ƙera ƙananan gidaje da gadoji da jiragen ƙasa, sannan mutum ya sa rigar roba mai siffar dodo ya bi ta kansu yana rushewa, kyamara kuma ta ɗauka daga ƙasa yadda mai kallo zai ga kamar wani ƙato ne ya auka wa birni. Uban wannan sana'a shi ne Eiji Tsuburaya, wanda aka haifa a 1901 ya rasu a 1970. Shi ne ya jagoranci dabarun fim ɗin Godzilla na kamfanin Toho a 1954. A 1963 ya kafa nasa kamfanin, Tsuburaya Productions, da nufin kai wannan fasaha gidajen jama'a ta talabijin.

Shirinsa na farko, Ultra Q, ya fara a watan Janairun 1966, cikin hoto marar launi. Da aka ga yadda yara suka rungumi dodannin shirin, sai aka biyo shi da wani mai launi, aka kuma ƙara masa jarumin da zai riƙa karawa da su. Wannan shi ne Ultraman, wanda tashar TBS ta nuna kowace Lahadi da ƙarfe bakwai na yamma, daga 17 ga Yulin 1966 zuwa 9 ga Afrilun 1967, kashi 39. Babban marubucinsa Tetsuo Kinjo ne, mutumin tsibirin Okinawa. Mai zanen siffar jarumin da mafi yawan dodannin kuwa Tohl Narita ne.

Labarin mai sauƙi ne. Wani ƙato daga duniyar taurari da ake kira M78 ya biyo sawun dodo mai suna Bemular zuwa duniyarmu, sai ya yi karo da jirgin Hayata, jami'in wata rundunar binciken kimiyya, ya kashe shi bisa kuskure. Domin ya biya wannan laifi, sai ya haɗa ransa da na Hayata. Daga nan duk lokacin da bala'i ya fi ƙarfin rundunar, Hayata yakan ɗaga wata 'yar na'ura mai kama da tocila, ya rikiɗe ya zama ƙato mai launin azurfa da ja, tsayinsa mita 40. Wanda ya san labarin Bayajidda da macijin rijiyar Kusugu a Daura zai gane wannan zubi: baƙo ne daga nesa yake raba mutanen gari da abin da ya gagare su.

Tsarin da Ba Ya Sauyawa

Kusan kowane kashi na shirin tafarki ɗaya yake bi. Dodo zai bayyana, rundunar ta gwada makamanta ta kasa, Ultraman ya fito a ƙarshe-ƙarshe, a yi kokawa da naushi da jifa, sannan ya gicciya hannuwansa ya saki hasken da ake kira Specium, dodo ya tarwatse, shi kuma ya tashi sama. Yaran Japan sun san wannan jeri kamar yadda yaranmu suka san mabuɗin tatsuniya da marufinta. Sanin abin da zai zo bai rage musu ɗoki ba. Jiran sa ma shi ne rabin daɗin.

A ƙirjin jarumin akwai wata fitila shuɗiya. Idan ƙarfinsa ya soma ƙarewa sai ta koma ja, ta riƙa walƙiya tana ƙara. Abin da ya shahara shi ne ba ya iya wuce minti uku yana faɗa a duniyarmu. Wannan fitila ba ta cikin zanen Narita na asali, daga baya aka ƙara ta. Ta yi wa kamfanin amfani ta fuska biyu. Na farko, faɗan dodanni shi ne ɓangare mafi tsada a shirin, domin duk ginin da aka rushe sai an sake ƙera wani, don haka taƙaita faɗan taƙaita kashe kuɗi ne. Na biyu, gidaje da yawa a lokacin akwatin talabijin marar launi gare su, walƙiya da ƙarar fitilar su ne suke sanar da yaro cewa jaruminsa yana cikin hatsari. Ta haka larurar aljihu ta zama ginshiƙin labari. Mai karatu ya riƙe wannan batu, domin a kansa aka gina wasan.

Daga Talabijin Zuwa Kaset

Wasa mai lasisi shi ne wanda kamfani ya biya kuɗi ga mai haƙƙin wani fim ko shiri domin ya yi amfani da suna da siffofin taurarinsa. Irin waɗannan wasanni sun daɗe da baƙin jini a wurin masu wasa, saboda sau da yawa sunan ake sayarwa, aikin kuwa a yi shi a gaggauce. Misalin da aka fi kawowa shi ne wasan E.T. na kamfanin Atari a 1982, wanda aka haɗa cikin kimanin mako biyar domin ya riski kasuwar Kirsimeti. Kwantai ya yi, har aka binne ɗimbin kasakasansa tare da wasu a juji a garin Alamogordo na Amurka a 1983, aka tono su a 2014.

A Japan kuwa wannan kasuwa ta fi zama a hannun masu kayan wasan yara. Bandai, wanda aka kafa a 1950, ya riga ya yi suna wajen sayar da 'yan tsanar roba na jarumai da dodannin talabijin. Da kamfanin Nintendo ya fitar da na'urar Famicom a 1983, sai Bandai ya ɗauki kaset ɗin wasa a matsayin wata hajar da za a jera kusa da 'yan tsana. Ya fitar da wasannin Ultraman a ƙarshen shekarun 1980, cikinsu har da jerin Ultraman Club da ya fara a 1988. A waɗannan wasanni an mayar da jarumin ɗan dugwi mai ƙaton kai, abin dariya da sha'awar ƙananan yara. Ƙarfin na'urar ma bai ba da damar zana ƙato mai kwarjini ba.

Ranar 21 ga Nuwamban 1990 Nintendo ya fitar da sabuwar na'ura, Super Famicom, mai launuka da yawa da sauti mafi kyau. Watanni kaɗan bayan haka, a Afrilun 1991, Bandai ya fitar da Ultraman a kanta. Shekarar ta dace da cikar shirin shekara 25. Yaron da ya kalli kashi na farko yana ɗan shekara takwas, a 1991 ya kai talatin da uku, yana da albashi, wataƙila ma da ɗa. Wasan ya yi magana da uban da ɗan a lokaci guda, amma da uban ya fi yi.

Yadda Wasan Yake

Wasan na gaba-da-gaba ne, mutum ɗaya da dodo ɗaya a fage, ana kallon su daga gefe. Matakai goma ne, kowanne da dodonsa: Bemular, Telesdon, Jamila, Bullton, Red King, Baltan, Gomora, Mefilas, Geronimon, sai Zetton a ƙarshe. Dukansu daga shirin 1966 aka ɗauko su, ko da yake an sauya jerin wasu. Baltan, alal misali, tun a kashi na 2 ya fara bayyana a talabijin, amma a wasan an ajiye shi sai mataki na shida.

Mai wasa yana iya naushi da shuri da tsalle da ɗaga dodo ya maka da ƙasa. Agogo kuma yana ƙirga minti uku. Idan lokaci ya kusa cika, fitilar ƙirji takan soma walƙiya da ƙara kamar yadda take yi a shirin. A ƙasan allo akwai wani ma'auni da yake cika a hankali, mai hawa huɗu, kowane hawa da makaminsa na haske, na huɗun shi ne Specium.

Ƙa'idar da ta bambanta wannan wasa da sauran ita ce ta kisa. A yawancin wasannin faɗa, da zarar ma'aunin ran abokin gaba ya ƙare, shi ke nan an gama. A nan kuwa ko an ƙarar da ran dodo ba zai faɗi ba, sai an harbe shi da makamin hawa na huɗu a daidai wannan lokaci. Idan aka yi jinkiri, ransa yakan soma dawowa. Idan aka yi gaggawa aka harba kafin ran ya ƙare, an yi asarar ma'auni, sai a sake zaman jira, agogo kuma yana tafiya. Wanda ya ɓarnatar da ƙarfinsa a ƙananan makamai tun da wuri zai tarar ba shi da abin ƙarasawa a lokacin da ake bukata.

Ta fuskar wasa zalla, wannan ƙa'ida takura ce, kuma masu wasa da dama sun ƙi ta. Ta fuskar labari kuwa ita ce amsar wata tambaya da yara suka daɗe suna yi: me ya hana Ultraman sakin haskensa tun a daƙiƙar farko? A talabijin dalilin na marubuta ne, domin idan ya yi haka babu sauran abin kallo. Wasan ya mayar da wannan al'ada doka. Ya tilasta wa mai wasa ya bi jerin da ya saba gani: kokawa tukuna, sannan walƙiyar fitila, sannan gicciya hannu. Duk wanda ya ci mataki, ya sake shirya kashi ɗaya na shirin ke nan da yatsunsa.

Jamila

Kashi na 23, wanda aka nuna ranar 18 ga Disamban 1966, Mamoru Sasaki ne ya rubuta shi, Akio Jissoji ya ba da umarni. Ma'anar sunan kashin ita ce duniya ce mahaifata. A cikinsa wani jirgi marar ganuwa yana kai hari kan wakilan da suke zuwa taron zaman lafiya na duniya a Tokyo. Daga baya wani jami'i da ya zo daga hedikwatar rundunar a Paris ya fasa ƙwai: maharin mutum ne, ɗan sama jannati mai suna Jamila. Wata ƙasa da ba a ambaci sunanta ba ce ta harba shi sararin samaniya a lokacin tseren manyan ƙasashe, jirginsa ya faɗa wata duniya marar ruwa, ƙasar tasa kuma ta rufe maganar don gudun abin kunya. Wahala ta sauya masa halitta, ya gyara jirginsa ya dawo ɗaukar fansa. Umarnin da aka ba rundunar shi ne ta kashe shi a matsayin dodo, ba tare da duniya ta san ko wane ne ba.

Ɗaya daga jami'an, Ide, ya nuna ƙin wannan aiki, amma aka aiwatar. Da ruwa Ultraman ya kashe Jamila, wato da abin da ya yi shekaru yana begensa. Ya mutu yana birgima cikin taɓo a gaban tutocin ƙasashe, da kuka mai kama da na jariri. Aka kafa masa allon tunawa da rubutun Faransanci mai yabon sadaukarwarsa, Ide kuma ya tsaya a gabansa yana takaicin yadda masu mulki suke iya tsara daddaɗan kalamai a kan waɗanda suka salwantar.

Abin da ya shahara a rubuce-rubucen Japanawa game da shirin shi ne an ɗauko sunan ne daga Djamila Boupacha, 'yar gwagwarmayar neman 'yancin Aljeriya. Sojojin Faransa sun kama ta a watan Fabrairun 1960, suka gana mata azaba. Lauyarta Gisèle Halimi da marubuciya Simone de Beauvoir suka kai maganar gaban duniya, har suka fitar da littafi mai ɗauke da sunanta a 1962, shekarar da aka sake ta bayan yarjejeniyar Evian. A shekarar da aka kama ta ne, ranar 11 ga Agusta, Chadi ta karɓi mulkin kai daga wannan Faransar a birnin Fort-Lamy, wanda aka sauya wa suna zuwa N'Djamena a 1973. Mazauna ƙasashen da suka ɗanɗana wannan mulki ba sa bukatar dogon sharhi kafin su fahimci labarin mutumin da hukuma ta yi amfani da shi, ta yar, sannan ta kira shi dodo da ya dawo neman haƙƙinsa.

Masu wasan 1991 suna da damar tsallake wannan kashi, domin shirin yana da dodanni da yawa da za a zaɓa. Sun sa shi, kuma sun bar masa nauyinsa. Ruwa ba ya cikin makamai huɗu na wasan, don haka a nan sun saɓa wa talabijin. Amma sun kiyaye ƙarshen: bayan faɗan, allon tunawa ne yake bayyana. Mai wasa ya yi amfani da gwanintarsa ya ci nasara, sannan aka tuna masa wanda ya kashe.

Faɗuwar Jarumi

Irin wannan riƙon amana ya sake fitowa a mataki na takwas. A kashi na 33 na shirin, Mefilas bai mutu ba. Sun kara da Ultraman ba wanda ya rinjayi wani, sai ya dakatar da faɗan ya tafi. A wasan ma haka yake ƙarewa.

Mafi girman misali shi ne na ƙarshe. A kashi na 39, Zetton ya shanye hasken Specium ya mayar wa Ultraman da shi a ƙirji, jarumin ya faɗi. Mutane ne suka kashe dodon, lokacin da jami'i Arashi ya harba masa wani ɗan ƙaramin bom mai siffar fensir da wani masanin kimiyya ya ƙera. Daga nan wani ɗan'uwan Ultraman mai suna Zoffy ya zo ya mayar da shi gida, ya bar wa Hayata ransa. Darasin a bayyane yake: baƙo mai taimako ba ya dawwama, dole masu gida su koyi tsare gidansu.

Wasan ya bi wannan sau da ƙafa. Mai wasa zai sha wahalar ƙarar da ran Zetton, ya cika ma'auni, ya saki makaminsa na ƙarshe kamar yadda ya yi sau tara a baya, sai ya ga an mayar masa da shi. Babu gwanintar da za ta hana wannan faɗuwa. Daga nan sai a miƙa masa bindigar Arashi, ya auna dodon da ɗan bom ɗin. Wasannin wancan zamani an gina su ne a kan alkawarin cewa mai ƙoƙari zai yi nasara da jaruminsa. Wannan ya karya alkawarin da gangan, domin ya san masu sayensa ba za su yarda da wani ƙarshe dabam ba.

Tagwayen Wasan a Amurka

A ƙarshen 1991 Bandai ya fitar da wani wasa a Amurka mai suna Ultraman: Towards the Future. Ƙa'idojinsa ɗaya ne da na Japan: minti uku, ma'auni mai hawa huɗu, da dokar ƙarasawa. Amma jarumin da dodannin daga wani sabon shiri aka ɗauko su, mai kashi 13, wanda Tsuburaya ya shirya a Ostareliya tare da hukumar fina-finai ta jihar Kudancin Ostareliya. Sai a 1992 aka fara nuna shirin a talabijin na Amurka, wato wasan ya riga labarinsa isa.

Yaron Amurka da ya karɓi wannan kaset bai san dalilin minti uku ba, bai kuma taɓa zaman jiran gicciyar hannu a daren Lahadi ba. Abin da ya gani shi ne ƙato mai nauyin jiki da dodon da ya ƙi mutuwa. Ga shi kuma a shekarar ce Street Fighter II na kamfanin Capcom ya mamaye gidajen wasa, ya kuma iso na'urar Nintendo a 1992 da sauri da yalwar dabaru. Kusa da shi, Ultraman ya zama kamar tsohon doki a filin sukuwa, kuma har yau sunansa ba shi da kyau a wurin masu bitar tsofaffin wasanni a can.

An ga bambanci bayan shekaru kaɗan. A 1993 Haim Saban ya ɗauki hotunan faɗa na shirin Zyuranger na kamfanin Toei, ya haɗa da 'yan wasan Amurka, ya fitar da Mighty Morphin Power Rangers. Shirin ya fara shiga zukatan yara tukuna, sannan wasan da Bandai ya fitar a 1994 ya biyo baya ya tarar da kasuwa a buɗe.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a iya fitar da abubuwa uku. Na ɗaya, abin da lasisi yake saya shi ne tunanin da mutane suka riga suka ajiye game da wani labari, kuma wannan tunani ba ya shiga kwali a yi safararsa. Na biyu, ƙa'idar wasa tana iya ɗaukar ma'ana kamar yadda jimla take ɗauka: agogon minti uku da dokar ƙarasawa fassara ce ta tsarin shirin zuwa harshen maɓallai. Na uku, riƙon amanar asali yana da farashi, domin yana faranta wa wanda ya san labarin, ya bar wanda bai sani ba a duhu.

Wannan ciniki ba na Japanawa kaɗai ba ne. Shi Adamu Halilu ya fuskanta lokacin da ya mayar da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim a 1976, shi kuma yake jiran duk matashin da zai zauna a Kano ko N'Djamena ya ce zai mayar da Gizo da Ƙoƙi wasan waya. Zai yanke shawarar abin da zai riƙe da abin da zai saki, da kuma wanda yake yi wa magana. Masu wasan 1991 sun riƙe agogo, da faɗuwar jarumi, da allon tunawa da Jamila.